Rakiyar da Fizik Ya Kira Sifili

A lungunmu na Birni akwai wani kwari da ya bi tsakiyar yashi, tun daga ƙofar zaurenmu har gindin manyan duwatsun nan da awaki ke hawa. Baƙo in ya gani sai ya ce hanyar ruwa ce. Ina ruwa ya samu sukunin haƙa kwari a Damagaram? Sawun tsofaffi biyu ne, Inna da Gwaggo. Na san mutanen unguwa suna cewa ba na ba da labari sai na zuba masa gishiri har ya fi ƙarfin miya, amma wannan kwarin yana nan, duk mai ƙafa yana iya zuwa ya faɗa ciki.

Inna ita ta haife ni. Gwaggo kuwa ba mu haɗa jini ba ko na cizon sauro. Ƙawar Inna ce tun suna ƴan mata a Dogo, suna zuwa rijiya tare, suna roron gyaɗa tare. Aure ya kawo su Birni a kaka ɗaya, mazajensu suka riga su komawa ga Allah, yawancin ƴaƴa suka watse, su kuma suna nan. Ba sa kiran juna da suna. Wannan ta ce Ƙawa, waccan ta ce Ƙawa, har muka taso muna zaton sunan yankansu ke nan su biyun.

Tsakanin gidanmu da na Gwaggo ba nisa. In ka ɗora shayi ka yi aike, ɗan aiken zai dawo bai tafasa ba. Kullum bayan la'asar Gwaggo za ta zo ta zauna a tabarmar Inna. Abin mamaki, a cikin gida ba sa hira. Inna tana tsinkar zogale, Gwaggo tana gyangyaɗi, kaji suna ratsa tsakaninsu. Can sai Gwaggo ta dafa ƙasa ta miƙe.

"To, Ƙawa, bari in koma."

"Tsaya in taka miki."

A nan ranarsu take farawa.

Kowa ya san rakiya. Ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora, sai an taka masa zuwa bakin lungu. Sau da yawa ma maganar da ta kawo mutum ba ta fitowa yana zaune, sai a tsaye, ana ƙoƙarin sallama. Amma su biyun nan sun ɗauki rakiya sun mai da ita sana'a. Da sun fito zaure sai bakinsu ya buɗe. Wa ya haihu, wa ya yi mafarki, tsamiyar da aka sare a Dogo tun ban zo duniya ba amma har yau ba su yafe ba. Suna tafe suna tsayawa, har su kai ƙofar Gwaggo.

"Haba, Ƙawa, da wannan gwiwar za ki koma ke kaɗai? Mu je in miƙa ki."

Su juyo. Su iso zaurenmu.

"Af, ga shi kin zo har gida. Ai ba na bar ki ki juya ke kaɗai ba."

Su sake juyawa. Ba abin da ke raba su sai kiran magariba, shi ma a gindin duwatsu suke rabuwa, kowace tana tafiya tana waiwaye tana ƙarasa maganarta.

Ni tela ne, shagona yana bakin lungun, don haka a gabana ake wannan zirga-zirga. Ƙafata tana kan keke, idona yana kansu. A irin lokacin nan rana takan sauko ta jingina da katangun ƙasa, zanen da magina suka yi a goshin gidaje ya fito kamar yanzu aka gama shi, kurciyoyi su jeru a kan zanko. Sai ka ga mayafai biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa, suna shawagi a hankali kamar ba ƙafa ke ɗauke da su ba. Su wuce gabas, in ɗinke hannun riga. Su wuce yamma, in ɗinke ɗayan. Na sha faɗa a majalisa cewa da za a miƙe tafiyar tsofaffin nan ta zama layi ɗaya, da sun je Makka a ƙasa, sun yi ɗawafi, sun dawo, sun koma ɗauko butar da suka manta.

A shekarar da nake ba da labari, ɗiyata ta fari ta shiga lise, wato babbar sakandare. Sunan Inna na sa mata, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, sai dai in ce Uwata. Wata rana ta shigo shago fuska a murtuke, ta zauna a kan tarin yadi.

"Baba, wai in mutum ya tafi ya dawo inda ya tashi, gudunsa sifili ne."

"Wa ya faɗa?"

"Mushen fizik, malaminmu."

"Mushen nan yana da moto?"

"Yana da shi."

"To, ya je Mirriya ya dawo, sannan ya tsaya gaban mai esans a gidan mai ya ce masa bai je ko'ina ba. In ya tsira da haƙoransa ki zo ki gaya mini."

Ta yi dariya, amma ba ta saki maganar ba. Yarinyar nan in abu ya tsaya mata, ko tuwo ba ya wuce mata. Bayan ƴan kwanaki sai ga ta ta dawo tana sheƙi, ta jawo ni waje da awon wani a wuyana, ta tsinci kara ta tsuguna a yashin ƙofar shago.

"Na gane, Baba. Abu biyu ne, kai ka haɗa su. Akwai wanda ke ƙirga duk hanyar da takalminka ya ci, lanƙwasa da kewaye da komai, a raba da lokacin da ka ɗauka. Wannan shi mai esans ya sani."

"Mutumin kirki."

"Akwai kuma mai kibiya a ka. Shi ba ruwansa da inda ka bi. Abin da yake tambaya kawai, ina ka tashi, ina ka tsaya, kuma lokaci nawa ya wuce." Ta yi ɗigo biyu a yashi, ta ja layi miƙaƙƙe tsakaninsu, ta yi masa kai. "Ka ja kibiya daga inda ka tashi zuwa inda ka tsaya, ka raba tsawonta da lokacin. Shi ne matsakaicin gudu, tare da inda aka dosa. Mushe yana ce masa bites mwayen."

"To, in na dawo inda na tashi fa?"

Ta share ɗigo ɗaya da tafin hannu, ta dangwala kara a kan wanda ya rage. "Kan kibiyar da gindinta sun haɗu wuri ɗaya. Ba ta da tsawo. Ko da me ka raba ta, sifili ce."

Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Ni da na bar lekol, wato makarantar boko, tun a kolej, bayan ni da lissafi mun yi rabuwar da ba baiko, sai ga shi abin ya shiga kaina salin alin. Amma shigarsa ba ta yi mini daɗi ba.

"Allurar kekena fa, da take sama da ƙasa tun safe?"

"Sifili."

"Gugan rijiya?"

"Sifili."

"Ni fa?"

"Kai, Baba, a ɗakin Inna aka haife ka, kuma har yau a gidan kake kwana, ke nan tun daga ranar suna har…"

"Kar ki ƙarasa. Ina da iyali."

Muna cikin haka sai ga mayafai biyu sun taho. Ba su ko duba ƙasa ba, suka bi ta kan kibiyar suka tattake ta. Inna ta tsaya ta dubi jikarta.

"Me ƴar lekol ke tonawa a ƙasa kamar kaza?"

Na ce, "Inna, wai an yi lissafi a lise, an gano ke da Gwaggo ba ku taɓa zuwa ko'ina ba."

Gwaggo ta gyara goron da ke kumatunta, ta dube ni da mamaki na gaskiya.

"To, da ina za mu?"

Suka wuce abinsu.

Ba a yi nisa ba aka samu inda za a je. Daminar da ta wuce ta kwantar da bangon ɗaki ɗaya a gidan Gwaggo, ita ma ta taɓa zamewa a bakin randa ta kwana biyu ba ta taka ba. Labari ya kai wa ɗanta a Yamai. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, na ɗan girme shi, kuma tun yana ɗaukar jakar wani a biro, wato ofis, nake ce masa Direkta, har Allah ya amsa bakina. Sai ga shi da mota, ya ce ya zo ya tafi da mahaifiyarsa, tafiya ta zama, ba ta ziyara ba.

Ba zan yi masa sharri ba, gaskiya ya faɗa. Tsohuwa ita kaɗai a gida mai rusasshen bango, ga likita can kusa da shi, ga jikoki. Ko ni ne abin da zan yi ke nan. Amma na san abin da shi bai sani ba, domin ba a gabansa ake wucewa ba. Inna ba ta hira da kowa a duniya sai a tsakanin zaurenmu da ƙofar Gwaggo. Mu sai dai ta ba mu umarni ko ta sa mana albarka. In Gwaggo ta tafi, Inna ba ta da dalilin jawo mayafi, ba ta da dalilin taka lungu, ba ta da wanda za ta gaya wa mafarkinta. Na ga tsofaffin da suka zauna a tabarma irin wannan zaman, ban ga wadda ta daɗe ba.

Inna kuwa, an kai mata fura an dawo da ita yadda aka kai. Ranar jajiberin tafiya sun yi rakiyarsu kamar kullum, amma shiru, ba ka jin komai sai jan takalmi. Na karya allura biyu a ranar.

Da safe aka kwashe kaya. Mota ba ta shiga lungunan Birni, ko jaki mai ciki sai ya yi dabara, don haka Direkta ya ajiye ta can bakin gudron, titin kwalta. Gwaggo ta zo sallama.

"To, Ƙawa."

"Tsaya in taka miki."

Muka bi su a baya kamar masu kai amarya. Aka iso mota, Direkta ya buɗe ƙofa, ya gyara matashi. Gwaggo ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta waiwayo ta dubi Inna, ta dubi doguwar hanyar yashi da ke bayanta. Ta janye ƙafar.

"Haba, Ƙawa, duk wannan hanyar ke kaɗai? Mu je in miƙa ki."

Direkta ya dubi agogonsa. Ni na dubi sama.

Ba zan faɗi sau nawa suka je suka dawo ba, don in na faɗa za a ce na fara halina. Abin da na sani, inuwar motar tana wajen yamma da muka zo, har ta tattare ta shige ƙarƙashinta. Mai kosai ta sayar ta wanke kasko. Wani ɗan kabu-kabu ya kai fasinja Zango ya dawo ya tarar da mu, ya tambaya ko mota ce ta lalace. Direkta ya jawo ni gefe, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Yaya, don girman Allah ka yi wani abu. Ni ba zan iya ɗaga wa Inna murya ba, ita kuma tawa in na yi magana sai ta ce ba ta ji."

"Kai da kake juya biro guda?"

"A biro ba a rakiya, Yaya."

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar wanda bai gama kolej ba. Na ce Inna ta shiga motar ta raka ƙawarta zuwa bariyer, shingen bincike na bakin gari, ni in bi su da moto, ɗan babur ɗina, in dawo da ita. Kowa ya samu abin da yake so, an yi rakiya, mota ta motsa. Direkta ya kusa rungume ni. Tsofaffin suka dubi juna, suka shiga baya suka zauna kafaɗa da kafaɗa.

A bariyer na rage gudu ina neman wurin tsayawa. Sai na ga hannun Inna ya fito ta taga yana yi mini alama, a ƙara gaba kaɗan.

Muka ƙara gaba kaɗan.

Kaka ce, an gama yankan hatsi. Gonaki sun kwanta dama da hagu, kara a tsaye ba kai, amalanke na tafe da dammuna shanu na jan su kamar masu tafiya cikin barci. Itatuwan gawo sun fara sabon ganye a lokacin da kowa ke zubar da nasa. Iskar hanya tana dukan fuskata, ƙarar moto ta zama kamar ƙarar kekena, har na ji kamar ina zaune a shago ne, hanyar ce yadin, ni kuma ina bin ta da ɗinki. Ta gilashin baya ina hango kawuna biyu, shuɗi da ruwan ƙasa, sun karkata sun haɗu. Duk garin da muka shiga sai in ce a nan ne. Duk garin da muka fita sai hannun nan ya fito. Muka wuce Takyeta. Na fara tunanin ko haka zan ƙare rayuwata, ina bin hannun uwata har bakin teku.

Sai wajen Garagumsa motar ta sauka daga gudron ta tsaya a inuwar wata tsamiya. Muka yi alwala da ruwan bido, jarkar da ke cikin mota, muka yi azahar. Na juya moto ya fuskanci gida, na kakkaɓe wurin zama, na ce, "Inna, bismilla."

Ta taho. Gwaggo ta biyo ta, don ba ta barin ta ta taho ita kaɗai. Suka iso moto. Inna ta mai da ita mota. Tsakanin motar da moton bai fi tsawon zaure da tsakar gida ba, amma suka kafa sabon lungu a wurin. Wasu manoma da ke ɗaurin dami suka bar aiki suka tsaya kallo. Ɗaya daga cikinsu, dattijo, ya zo ya zuba wa kowace gyaɗa a gefen mayafi, bai tambayi komai ba, ya koma. Direkta ya zauna a kan saiwar tsamiya ya cire takalmi, alamar mutumin da ya sallama.

Daga nan na ji suna magana, karon farko tun da aka ce za a tafi. Gwaggo tana cewa ƙasar nan irin ta Dogo ce, ja-ja. Inna tana cewa a'a, ta Dogo ta fi laushi. Suka yi gardama a kan haka da daɗi, kamar masu shan fura.

Sannan Inna ta zo gabana ita kaɗai. Ba ta dubi idona ba, domin ni ne ɗanta na fari.

"Kai, koma gida."

"Inna, ke fa?"

"Rakiya sai an ga ƙofa. Ban ga ƙofar da za ta shiga ba."

"Ƙofar tana Yamai, Inna! Ba ki ɗauko ko zane ba. Maganin gwiwarki yana kan taga."

"Zanen Ƙawa yana yi mini. Gwiwar kuma tare muke ciwonta, maganinta ɗaya." Ta gyara mayafi. "Ka ce wa ƴar lekol ta riƙa ba kajina ruwa."

Na dubi Direkta. Ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce, "Yaya, ɗaki yana da faɗi."

Haka na dawo Damagaram ni kaɗai, bayan moto ba kowa, sai gyaɗar da Inna ta juye mini a aljihu.

Da na iso ban shiga gida ba. Na tsinci kara na tsuguna a ƙofar shago. Na yi ɗigo, na ja layi ya nufi yamma, na yi ta ja ina tafiya da tsugune har na ci karo da katangar maƙwabci. Ɗiyata ta fito ta tarar da ni.

Na ce, "Ga kibiyarki nan. Daga Birni zuwa Yamai. Ki je ki gaya wa Mushe hankalinsa ya kwanta, yau kakarki ta samu maki."

Yarinyar ta tsuguna kusa da ni, ta daɗe tana kallon layin.

"Baba, ai kai ka tsayar da agogo."

"Wane agogo?"

"Kibiyar ba ta da amsa sai ka faɗi daga yaushe zuwa yaushe. Ko a lungun nan, in ka tsayar da agogo lokacin da Inna take ƙofar Gwaggo, ba sifili ba ne, kibiya ce mai kallon gabas. In ka jira ta dawo zaure, sai ta zama sifili. Tafiyar ɗaya ce. Inda ka yanke lokacin ne ya bambanta."

"To, yaushe ya kamata in tsayar?"

"Ni dai da ni ce, ba zan tsayar yanzu ba."

Ban san ko Mushe ya yi nufin a yi amfani da karatunsa ta wannan hanya ba. Amma ni mutum ne da ke karɓar magani ko daga hannun wa ya fito. Na bar agogo yana tafiya.

Watannin da suka biyo baya lungun ya yi mini faɗi. Yashi ya fara cike kwarin. Bayan la'asar sai in ɗaga kai daga keke in ga kamar shuɗin mayafi ya gifta, ashe inuwar kurciya ce. Har na riƙa ɗinke hannun riga ɗaya in zauna ina jiran a wuce yamma kafin in kama ɗayan. Wani mai riga ya zo karɓa ya tarar da ita da hannu guda, na ce masa sabon yayi ne daga Yamai.

Direkta yana kira a salula yana ba ni rahoto. Wai ya ba su ɗaki ɗaya sun ƙi, sun ce in ɗaki ɗaya ne wa zai raka wa. Aka raba musu. To, daga ƙofar wannan zuwa ƙofar waccan suke yini, ta tsakiyar salo, wato falo, ta gaban telbijin, yara ba sa ganin komai sai mayafi. Da suka gaji da cikin gida suka koma waje, amma titin can motoci ne, ba yashi, ba gindin dutsen da za a rabu. Mai gadin gidan ya buɗe musu ƙofa ya rufe har hannunsa ya kumbura.

"Suna cin abinci?" Abin da nake tambaya ke nan kullum.

"Suna ci, Yaya. Suna kushe shi, amma suna cinyewa."

Tun da agogo bai tsaya ba, sai na ga bai kamata bangon Gwaggo ya zauna a kwance ba. Ba wanda ya sa ni. Na tara abokan majalisa, waɗanda suka shekara suna shan shayina suna ƙaryata labaraina, na ce yau ranar biya ce da ƙarfin jiki. Muka kwaɓa ƙasa, muka yi tubali, magini ya ɗora. Ana tambayata wa zai shiga, ina cewa fizik bai faɗa ba tukuna.

Sai da zafi ya kama, mangwaron Mirriya ya cika kasuwa, sannan salula ta yi ƙara ina tsakiyar yanka yadi.

"Yaya, Inna ta ce ta ga ƙofa, ta ga ɗaki, za ta koma gida."

Na ajiye almakashi. "Alhamdu lillahi. In zo in ɗauke ta?"

"A'a, na sa su a kar, babbar motar fasinja."

"Su?"

Na ji yana sauke numfashi tun daga Yamai.

"Tawa ta ce ba ta barin Ƙawa ta yi wannan doguwar hanya ita kaɗai. Wai za ta miƙa ta ta dawo."

"To, ai rakiya ce, Direkta."

"Rakiya da turmi, Yaya? Har turminta ta sa an ɗaure a saman kar."

Na yi dariya har na zauna a kan rigar mutane. Da na samu numfashi na gaya masa bango ya tashi, kuma ɗiyata ta ce ita za ta riƙa kwana wajen Gwaggo, ta ɗebo mata ruwa, ta yi karatunta a can inda ƙannenta ba sa damunta. Sai ya ce a gaida Inna, kuma in an ga gwiwar ta tashi a kira shi ko da wane lokaci ne.

Washegarin isowarsu ban ɗinka komai ba. Na zauna a kan keke tun azahar, ƙafa a kan mataki, ina jira. Aka yi la'asar. Rana ta sauko ta jingina da katanga, kurciyoyi suka hau zanko. Sai na ji daga cikin zaurenmu, a hankali, kamar daga cikin mafarki:

"To, Ƙawa, bari in koma."

"Tsaya in taka miki."

Suka fito. Sun ɗan rame, sun ɗan ƙara sunkuyawa, amma ƙafafunsu suka faɗa cikin kwarin nan kamar jiya suka bar shi. Suna gardama a kan ko kogin Yamai ya kai tafkin Dogo na da. Suka wuce gabas, suka ɓace bayan duwatsu. Can suka ɓullo.

Ɗiyata ta taho daga lise ta tsaya a ƙofar shago, mu biyu muna kallonsu.

Na ce, "Uwata, yanzu fa? In tsayar da agogon?"

"Jira su iso zaure, Baba. Sai ya cika sifili daidai."

Na ɗaga hannu sama kamar mai shirin tsayar da kokawa. Suka matso, suka matso. Ƙafar Inna ta kusa taɓa dokin ƙofa, na buɗe baki. Sai ta juya ta dubi ƙawarta.

"Af, ga shi kin zo har gida."

Na sauke hannuna, na jawo rigar nan mai hannu guda, na sa ta ƙarƙashin allura.